Yadda ake komawa ƙwallon kwando bayan an daɗe ba a buga ba

Sau uku ina barin ƙwallon kwando ina dawowa. Na farko kasuwa ce ta raba mu: na shiga harkar albasa a kasuwar Mile 12 ta Legas, na shekara shida ƙwallo sai dai in hango ta a talabijin. Na biyu rauni ne. Na uku zaman kullen korona na 2020 da tumbin da ya biyo bayansa. A tsakani na rako mutane da dama sun dawo fili, 'yan Agege da Idi-Araba da Obalende, har da ƙanwar maiɗakina wadda ta buga wa makarantarsu a Zariya kafin aure da goyo su sha kanta. Tsarin da zan zayyana shi ne wanda ya rage a hannuna bayan na watsar da duk wanda ya cuce ni.

Dawowata ta farko wata Asabar ce. Na bi wani aboki Surulere da sunan kallo, sai aka rasa mutum ɗaya, wani yaro ya ce, "Alhaji, za ka shiga?" Na shiga da takalmin da nake zuwa kasuwa da shi. Jifana biyu na farko suka faɗa kwando, kai ya kumbura. Kafin minti goma ƙirjina kamar an hura gawayi. Na yi tsalle neman ƙwallo, na dira a kan ƙafar wani, idon sawu ya turguɗe. Mako biyar ina salla a kan kujera.

Abu ɗaya nake so ka riƙe kafin mu shiga aiki: jiki ba ya dawowa a lokaci guda. Hannu da ido suna tuna ƙwallo cikin 'yan kwanaki. Numfashi yana ɗaukar kamar mako huɗu zuwa shida. Amma jijiyoyi, wato agara da ke bayan dunduniya da jijiyar da ke ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa, watanni suke so, domin jini ba ya ratsa su kamar yadda yake ratsa tsoka. Shi ya sa makon farko bai cika haɗari ba, haki ne ke taka maka birki. Haɗarin yana mako na huɗu da na biyar, sa'ad da numfashi ya dawo, hannu ya dawo, ka ɗauka kai ne na da. Duk matakan da ke ƙasa dabarar jiran jijiya ce.

Kayan aiki

Takalmi. Nan kaɗai ba a rowa. Kada ka ciro tsohon takalminka daga ƙarƙashin gado ka ce ai bai ci ƙasa ba. Danshin Legas yana cinye gam da soson ciki ko da ba a taka shi. Nawa da ya shekara huɗu a kwali, ina gudu ƙasansa ya ɓalle ya bar ni da sama. Takalmin gudu ma bai dace ba: an yi shi don tafiya gaba, ƙasansa tudu ne mai taushi, kana juyawa gefe zai kayar da ƙafar.

Sabo na asali yana da tsada, don haka yawancinmu gwanjo muke bi, a Yaba ko kasuwar Katanguwa ta wajen Abule Egba. In ka ɗauki ɗaya, yi masa gwaji huɗu. Lanƙwasa shi: ya karye daidai gindin yatsu, ba a tsakiya ba. Murɗa shi kamar mai matse wanki: in ya murɗu cikin sauƙi, ajiye. Danna bayansa inda dunduniya ke zama: ya kasance da tauri. Sai ka juya ka duba zanen ƙasan, musamman gefen babban yatsa. In ya shafe, a kan siminti santsi za ka yi ta yi. Je da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za ka buga da ita, ka bar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsanka da bakin takalmin. Bayan ka saya, kai wa mai gyaran takalmi ya zagaye ƙasan da ɗinki. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, kuma 'yan'uwanmu ne ke sana'ar a kowace kwana.

Ƙwallo. Lamba 7 ta maza ce, lamba 6 ta mata. Ta roba za ka saya, tunda a siminti za ka fara. Ta fata don daɓen katako aka yi ta, siminti zai ɓare ta cikin wata guda. Molten da Spalding da Wilson duk suna kasuwa, jabunsu ma sun fi yawa, saboda haka juya ta a hannu ka tabbata ba ta da ƙulu. Awon iska: sake ta daga daidai goshinka, ta dawo wajen ƙugunka. Sayi ƙaramin famfo da allurarsa, ka riƙa jiƙa allurar kafin ka soka. In dole sai wajen mai faci, tsaya a kansa, domin injinsa na tayar mota ne, daƙiƙa biyu sun isa ya kumbura maka ita.

Sauran ba su da wuya: igiyar tsalle (igiyar shanya ma ta yi), safa mai kauri ƙafa biyu, bandeji mai miƙewa ko abin ɗaure idon sawu ga wanda ya taɓa targaɗe, tawul, ruwa aƙalla leda uku, da ɗan littafi ko waya da za ka riƙa rubuta abin da ka yi kullum. Mai tabarau ya ɗaura masa igiya. Zobe da agogo a bar su a gida.

Fili. Sanannun wurare su ne babban filin wasa na ƙasa da na Teslim Balogun da ke fuskantar juna a Surulere, da Rowe Park a Yaba. Akwai kuma waɗanda Giants of Africa, ƙungiyar Masai Ujiri da ya tashi a Zariya, ta gina a wasu unguwanni kamar Oworonshoki. Amma shawarata, nemi mafi kusa da gidanka, ko da na makaranta ne mai karkataccen ƙarfen kwando. Filin da sai ka sha goslo na awa biyu kafin ka isa, sau uku za ka je ka daina.

Mataki na 1: Auna kanka tukuna

Je a gwada maka hawan jini. In ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, kuma aka sake gwadawa wata rana aka ga haka, ga likita kafin ka fara gudu. Haka nan wanda ya haura arba'in, ko mai ciwon sukari, ko mai shan taba, ko wanda ciwon zuciya ke bin danginsu. Wanda ya taɓa jin ƙirji ya ɗaure ko jiri ya kwashe shi a lokacin aikin ƙarfi, wannan ba shawara ba ce, dole ce. Mace da ta haihu, musamman ta hanyar tiyata, ta nemi izinin likitarta.

Ga wani abu da mutane da yawa ba su sani ba. Maganin nan ciprofloxacin da muke sha kamar gyaɗa da sunan taifot, shi da danginsa suna raunana jijiya, har agara ta tsinke, kuma haɗarin yana jimawa bayan an gama sha. In ka sha shi kwanan nan, gaya wa likita, ka jinkirta tsalle. Wanda ya tashi daga zazzaɓin cizon sauro shi ma ya bari sai cin abincinsa da ƙarfinsa sun dawo.

Sannan ka gwada kanka a ɗaki, ƙafa ɗaya bayan ɗaya: tsayuwa a ƙafa guda na daƙiƙa 30, ɗaga dunduniya a ƙafa guda sau 20, kana dafe da bango, zama a kujera da tashi ba tare da dafa komai ba sau 15. Rubuta abin da ka samu. In wata ƙafar ta gaza 'yar'uwarta da nisa, to ita ce za ta ba ka kunya a fili, ita za ka fi ba aiki.

Mataki na 2: Mako uku na ƙafa zalla

Wannan shi ne matakin da kowa ke tsallakewa, domin babu daɗi a cikinsa. Kwana uku a mako, da hutun kwana ɗaya a tsakani.

Fara da tafiya mai sauri ta minti 25, irin wadda za ka iya magana amma ba za ka iya rera waƙa ba. Mako na biyu sai ka gauraya: sassarfa minti ɗaya, tafiya minti biyu, sau takwas. Mako na uku ka juya lissafin. In titin unguwarku ya cika da babura da kwatami, matakalar gadar tsallaka titi ta isa: hau da ƙarfi, sauko a hankali, sau biyar zuwa takwas, da sassafe kafin jama'a su cika.

Bayan tafiyar sai aikin ƙarfi, kuma sarkinsu shi ne na agara. Tsaya a bakin matakala, rabin tafin ƙafa a kai, dunduniya a iska. Ɗaga da ƙafa biyu, sauka a hankali kana ƙirga ɗaya, biyu, uku. Sau 12, zagaye uku. In ya zama wasa, ɗaga da biyu ka sauka da ɗaya. In wannan ma ya yi sauƙi, goya jaka da galan na ruwa a ciki. Saukar a hankali ita ce maganin; wanda ke yi fir-fir kamar mai kaɗa fanka ɓata lokacinsa yake yi. Sai tsuguno zuwa tsayin kujera sau 12, zagaye uku, gwiwa na kallon inda yatsu ke kallo. Sai jingina baya da bango kamar mai zama a kujerar da babu ita, daƙiƙa 30 zuwa 45, wannan na jijiyar gwiwa ne. Tsayuwa a ƙafa ɗaya kuwa ba ta buƙatar lokaci na musamman: yi ta kana asuwaki.

'Yan kasuwa irina suna cewa, "Ni da nake ɗaga buhu kullum, wane atisaye kuma?" Buhun albasa yana ƙarfafa baya da kafaɗa, ban musa ba. Amma bai taɓa koya wa idon sawu yadda zai tsaya cak daga gudu ba.

Koyi bambanta tsamin jiki da rauni. Tsami yana kama tsokar ɓangarorin biyu, ya fi tsanani a kwana na biyu, kuma yana sakin ka in ka motsa. Rauni wuri ɗaya yake zama, za ka iya nuna shi da ɗan yatsa, yawanci a gaɓa ko a jijiya. Ma'aunina sallar asuba ce: in na sauko daga gado dunduniya ta ƙi taka ƙasa, ko tashi daga sujada sai na dafa saboda ƙasan gwiwa, to jiya na wuce gona da iri. Sai in raba aikin biyu na mako guda.

Mataki na 3: Kai da ƙwallo, ba kowa

Daga mako na biyu za ka iya haɗa wannan da na sama. Mu 'yan kasuwa muna da safiyar Alhamis, tunda kasuwannin Legas ba sa buɗewa sai ƙarfe goma saboda shara, filaye kuma fayau suke a lokacin.

Minti goma na buga ƙwallo a ƙasa kana tsaye: hannun dama, hannun hagu, sauyawa ta gaba, ƙasa-ƙasa sannan daidai ƙugu, ido a sama. Hannun da ba ka saba da shi ba, ba shi ninki biyu, shi ne ya fi mantuwa.

Jifa kuwa, kuskuren kowane tsohon ɗan wasa ɗaya ne: yana shiga fili sai ya nufi layin maki uku. Layin nan mita 6.75 ne daga kwando, ƙafarka ba ta da ƙarfin kai ƙwallo can tukuna, sai hannu ya fara tunkuɗawa, cikin mako biyu ka lalata jifan da ka shekara goma kana ginawa. Tsaya taku ɗaya daga kwando, jefa da hannu ɗaya, gwiwar hannu a ƙarƙashin ƙwallo, wuyan hannu ya karye ya tsaya har ta faɗa. In goma sun shiga, ja baya taku ɗaya. Mako biyun farko kada ka wuce layin jifan fawul, mita 4.6 daga allon da kwando ke jikinsa. In ƙwallo tana bugun gaban ƙarfe, ƙafa ce ta gaji, ba hannu ba: matso kusa ko ka tashi. In tana kaucewa dama ko hagu, duba gwiwar hannunka ko babban yatsan hannun da ke tallafe.

Ƙara da aikin gindin kwando: ɗora ta a allo da dama, cafe kafin ta taɓa ƙasa, ɗora da hagu, haka har ashirin, ba tare da tsalle mai nisa ba.

Za ka zubar da yawa, kada ranka ya ɓaci. Michael Jordan da kansa, da ya dawo a watan Maris na 1995 bayan kusan shekara ɗaya da rabi, wasansa na farko da Indiana jifa 28 ya yi, bakwai suka shiga. Shi kuwa ba albasa ya tafi sayarwa ba, wani wasan ya koma.

In babu fili kusa, sa alama da alli a bango mai tsayi daidai mita 3.05, tsayin ƙarfen kwando ke nan, ka riƙa auna ta. Ko ka kwanta rigingine ka jefa sama ta dawo hannunka. A gidan haya dai a kula da lokaci, kada ƙarar ƙwallo ta haɗa ka da maƙwabta.

Mataki na 4: Tsayawa, juyi da sauka

Mako na huɗu zuwa na shida. Gudu ba shi ke karya mutum a ƙwallon kwando ba; tsayawa farat ɗaya, da zabura, da dira su ne.

Igiya: daƙiƙa 30, hutu daƙiƙa 30, sau biyar, kwana biyu a mako kawai. Kowane mako ƙara zagaye biyu. Sauka: yi ɗan tsalle a inda kake, dira a gaban tafin ƙafa, gwiwa a lanƙwashe, ɗuwawu baya. Saurari ƙarar. In ana jin dim, ba daidai ba ne; sauka mai kyau shiru take kamar ta kyanwa. Sa wani ya tsaya gabanka ko ka ɗauki kanka a waya, ka ga ko gwiwoyinka suna karkatowa ciki suna neman haɗuwa. Wannan karkatar ce ke tsinka jijiyar cikin gwiwa, kuma mata sun fi fuskantar haɗarinta, don haka ƙanwar maiɗakina mako biyu na ƙara mata a nan.

Sai tafiyar gefe ta tsaro, daga wannan gefen akwatin da aka zana a gindin kwando zuwa wancan, daƙiƙa 20, ƙafafu ba sa sarƙewa. Sai gudun fili: tsawonsa mita 28 ne, je ka dawo da kashi biyu cikin uku na ƙarfinka, ka tsaya da ƙananan taku uku maimakon dirka ƙafa ɗaya. Sau shida ya isa a farko.

Kada ka gwada ko har yanzu kana taɓa ƙarfe. Na san zuciya za ta raya maka. Wani abokinmu ɗan canji, shekararsa 38, a mako na biyar na dawowarsa ya ce shi ya gama warkewa. Ba ma tsalle ya yi ba; ya ja ƙafa baya zai zabura, sai muka ji ɗas, ya juya a fusace yana cewa, "Wa ya hambare ni?" Babu kowa a bayansa, mafi kusa da shi yana taku biyar. Agara ce ta tsinke. Aka yi masa aiki, ya kusa shekara kafin ya sake sassarfa. Irin raunin da ya kwantar da Kobe Bryant a 2013 da Kevin Durant a 2019 ke nan, su da ke da likitoci a gindinsu.

Mataki na 5: Dumama jiki, kowane zuwa

Minti goma sha biyu, ba ragi: sassarfa zagaye uku, ɗaga gwiwa, dukan ɗuwawu da dunduniya, tafiyar gefe, wurga ƙafa gaba da baya, ɗaga dunduniya sau 20, ƙananan tsalle, sannan jifa daga kusa. Miƙar da ake tsayawa a ja tsoka a riƙe, ajiye ta sai an tashi. Wanda ya sauko daga danfo bayan awa guda a ƙudundune ya ƙara minti biyar. In an kira ka wasa kafin ka gama, ce su fara, za ka shiga na gaba.

Mataki na 6: Rabin fili

Daga mako na bakwai, in ka iya ɗaga dunduniya sau 20 a kowace ƙafa kuma asuba ba ta kawo ƙara ba. Fara da uku da uku a kwando ɗaya. Ba wasan raini ba ne, tun gasar Olamfik ta Tokyo yana cikin wasanninta: minti goma ko wanda ya fara kai maki 21.

Zaɓi abokan wasa kamar yadda kake zaɓen abokin ciniki. Kusan kowane fili yana da rukunin manya masu zuwa da sassafe ranar Asabar ko Lahadi, waɗanda kowa a cikinsu yana da shago ko ofis da zai buɗe Litinin. Su za ka nema. Yaran yamma 'yan shekara sha tara ba mugunta gare su ba, amma jikinsu roba ne, kuma in suka ji ana ce maka tsohon ɗan wasa, kowa so yake ya gwada kansa a kanka. Faɗa musu gaskiya tun farko: "Na daɗe ban buga ba, a bi ni a hankali." Ban taɓa ganin wanda aka raina don ya faɗi haka ba.

Wasa biyu, ka fita kana marmarin na uku. Tarkon shi ne al'adar wanda ya ci shi ke zama a fili: in ƙungiyarku na ci, sai ka ga ka yi biyar a jere, kuma a na ƙarshen ne, ƙafa ta mutu, ake dira a karkace. Ba wani gurbinka ko kuna ci. Sau biyu a mako, kwana biyu a tsakani.

In ka daɗe ƙwarai, doka ma ta motsa. A 2010 hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, ta matsar da layin maki uku daga mita 6.25 zuwa 6.75. Daga 2014, in ƙwallo ta taɓa ƙarfe kuma masu kai hari suka sake cafe ta, daƙiƙa 14 ake ba su su sake jifa, ba 24 ba. A 2017 kuma aka daina ƙirga takun da mutum ke kai lokacin da yake tattara ƙwallo yana gudu, sai biyun da ke biye. Na taɓa tsayar da wasa ina rantsuwa wani yaro ya yi taku uku, ashe ni ne a baya.

Mataki na 7: Cikakken fili, da sabon salo

Wajen mako na goma zuwa sha biyu. Shiga minti biyar, fita, sake shiga. A hukumance ma kwata huɗu ne na minti goma-goma kuma ana canji, balle kai.

In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Saurin da ka rasa ba duka zai dawo ba, amma abin da shekaru suka ba ka yaran ba su da shi: ka san inda ƙwallo za ta faɗo, ka san lokacin ba da fasin, ka iya tare wa abokinka hanya, ka iya sa baya ka danne mutum a gindin kwando ba tare da ka bar ƙasa ba. Gina wasanka a kan waɗannan da jifan matsakaicin zango. Kalli tsofaffin wasannin Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas ɗin nan a 1963, wanda ya ci kofin NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, da ƙungiyar Houston a 1994 da 1995. Gola ne a ƙwallon ƙafa kafin ya taɓa kwando, kuma yawancin abin da ya yi wa dogaye aikin taku ne da yaudarar kafaɗa. Wannan ana koyonsa ko an kai hamsin.

Da yake an ambace shi, sai an ce maka ai Olajuwon yana bugawa da azumi a bakinsa, har aka zaɓe shi gwarzon watan Fabrairu na 1995 cikin Ramadan. Gaskiya ne. Amma shi a ɗaki mai sanyi yake bugawa, da jikin da bai taɓa hutu ba. Kai kada ka fara dawowa cikin azumi. In ya riske ka a tsakiyar tsarin, yi jifa mara nauyi rabin awa kafin magariba, aikin ƙarfi da wasa kuma bayan tarawihi, ka rage komai da rabi.

Zafin Legas ba irin na Arewa ba ne. Can gumi na bushewa ya sanyaya ka. Nan zuba kawai yake yi, jiki na ci gaba da dahuwa. Sha leda ɗaya awa guda kafin wasa, kurɓi a kowane hutu, ka duba fitsarinka bayan an tashi: in ya yi ja kamar shayi, ba ka sha isasshe ba. Mai fama da ɗaurewar tsoka ya haɗa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya, sukari ƙaramin cokali shida a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Guji tsakar rana. Da damina kuwa, musamman Yuni da Yuli, zo da tsintsiya, ka taka filin ka duba gansakuka a gefuna da gindin kwando. Jiƙaƙƙen siminti mai fenti ba a wasa a kansa, sai dai jifa a tsaye.

Mataki na 8: In an ji ciwo

Targaɗen idon sawu shi ya fi yawa. Fita nan take, kada ka ce bari in taka ya sake. Naɗe ƙanƙara a tawul ka ɗora minti 15 zuwa 20, duk bayan awa biyu ko uku. Ledar ruwa da ta daskare ta wadatar. Ɗaure da bandeji daga yatsu zuwa sama, ba tamau ba, ka ɗora ƙafar a kan matashi ta fi ƙirjinka tudu. Kwana biyun farko babu ruwan zafi, babu man zafi, babu murza, ko da Hajiya ta matsa. Waɗannan ƙara kumburi suke yi.

In ba ka iya taku huɗu, ko ƙashin kansa ke zafi in an danna, ko ƙafar ta canza siffa, sai hoto. In ka ji ɗas a bayan dunduniya kuma ka kasa tsayuwa a kan yatsu, ko gwiwa ta kumbura cikin awa ɗaya tana sullewa, nufi asibitin ƙashi a ranar. Na Igbobi yana kan titin Ikorodu. Ina girmama masu ɗori, sun yi wa iyayenmu aiki, amma tsinkakkiyar jijiya ba abin ja ba ce, kuma jinkirin makonni yana sa ɗinkinta ya yi wuya.

Yatsan da ƙwallo ta buga kada a ja shi. Sa ƙanƙara, ɗaure shi da na kusa da shi da filasta. In kan yatsan ya sunkuya ya ƙi miƙewa da kansa, asibiti.

Kada ka sha maganin kashe zafi don ka samu damar bugawa. Ciwon yana nan, ƙararrawar kawai ka kashe. Bayan kumburi ya sauka kuma kana tafiya ba ɗingishi, koma Mataki na 2 da ƙafar da ta ji ciwo, ka biyo matakan a jere. Ba za ka shiga rabin fili ba sai ka iya tsalle goma a kanta ita kaɗai, gaba da gefe, ba tare da ka yamutsa fuska ba, kuma watannin farko da abin ɗaure idon sawu za ka riƙa bugawa.